Kafin Ku Miƙa Masa Usur: Yadda Ƙaramar Ƙungiyar Ƙwallo Za Ta Zaɓi Sabon Koci

Ranar da labari ya bazu cewa kocinku ya ajiye aiki, ko kun sallame shi, wayar ciyaman ba ta sake hutawa. Tsohon ɗan wasan da ya taɓa buga wa jiha zai kira. Dillalin 'yan wasa zai kira, wai yana da wani gwani a hannu. Wani babba zai aiko da 'yar takarda a duba ƙaninsa. Shugaban magoya baya kuwa ya riga ya sanar da nasa zaɓin a Facebook tun kwamiti bai zauna ba. A cikin wannan hayaniya ake yanke shawarar da za ta iya cinye kuɗin kaka guda, wani lokaci har ta cinye ƙungiyar kanta.

Na yi shekaru ina riƙe da littafin sakatare a wata ƙaramar ƙungiya, kuma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu a kan wani zaɓi da ya mayar da mu baya shekara biyu. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin yaran da suka watse a lokacin wasunsu ba su sake taka leda ba. Abin da na fahimta daga baya shi ne, muna ɗaukar koci don ƙungiyar da muke mafarkin zama, alhali mai amfanarmu shi ne wanda ya dace da ƙungiyar da ke hannunmu yau, da filinta mai ƙura, da motarta mai tsayawa a hanya, da albashinta mai zuwa a makare. Wannan jagora na rubuta shi ne don masu ƙungiyoyi a gasar NNL, wato rukuni na biyu a Najeriya, da NLO da ke ƙasa da ita, da kuma masu buga gasannin jiha.

Mataki na farko: ku sayi lokaci

Kada ku ba kowa amsa a makon farko. Ku ɗora mataimakin koci ko kocin matasa a matsayin riƙon ƙwarya, ku faɗa masa iyakar lokacin a fili, misali wasa uku ko mako huɗu, ku kuma ɗan ƙara masa alawus. Sai a fitar da sanarwa guda ɗaya: ƙungiya tana neman koci, ga ranar rufe karɓar takardu, ga wanda za a miƙa wa. Daga nan duk wanda ya kira ciyaman, amsa ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, magana tana hannun kwamiti, a turo takarda." Wannan jimla tana tsare shi daga jin nauyin manya, wanda shi ne ya fi jefa mu cikin kuskure.

Idan kuma ƙarshen kaka ne kujerar ta zama babu kowa, ku fara nema washegari. Kocin da aka kawo saura mako biyu a fara gasa zai gaji 'yan wasan da wani ya tantance, kuma in abu ya lalace yana da uzurin da ba wanda zai iya musantawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu: ku rubuta gaskiyar ƙungiyarku a shafi ɗaya

Kafin a ambaci sunan kowa, kwamiti ya zauna ya amsa tambaya ɗaya da gaske: me ya sa na baya ya kasa? Idan yara suna bin albashin wata huɗu, suna tafiya wasan waje a daren jajibirin wasa, su kwana a cikin mota su wayi gari su shiga fili, to canza koci ba zai canza teburi ba. Sabon zai zo ya tarar da abin da ya kori tsohon. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka ku kira kyaftin da manajan ƙungiya da mai kula da kaya, kowa shi kaɗai, ku saurara.

Bayan haka sakatare ya rubuta shafi ɗaya. A ciki a sa kuɗin da ke asusu yanzu, daban da kuɗin da aka yi alkawari, da yawan watannin da zai iya ɗaukar albashi. A sa inda ake atisaye da sa'o'in da filin yake hannunku, da ko akwai masauki da abinci, da irin motar da ake tafiya da ita. A sa 'yan wasa nawa ne ke da kwantiragin da bai ƙare ba, da shekarunsu na gaskiya. A ƙarshen shafin a rubuta burin kakar a layi ɗaya.

Wannan layin ɗaya shi ne wurin da ake yawan rigima, kuma gara a yi ta yanzu. Buri iri uku ne a ƙananan gasanni. Akwai ƙungiyar da dole ta haura bana. Lokacin da Kano Pillars da Katsina United suka faɗo daga gasar Firimiya ta Najeriya a 2022, babu abin da magoya bayansu za su karɓa in ba komawa ba, kuma dukansu sun koma a 2023. Irin waɗannan suna da gwamnatin jiha a bayansu da dubban 'yan kallo. Akwai ƙungiyar da burinta ta tsira a rukuninta ta biya bashin da ke kanta. Akwai kuma wadda wani ɗan kasuwa ke ɗauke da ita shi kaɗai, rayuwarta ta dogara ga raino yaro ɗaya ko biyu a shekara a sayar wa babbar ƙungiya. Kowace a cikin ukun nan kocinta daban. Mai haurar da ƙungiya yakan so gogaggun 'yan wasa da kuɗi a hannu, kuma ba ya da haƙurin jiran ɗan shekara 17 ya girma. Mai raino kuwa zai iya ɓata muku maki shida yana ba yaro dama. Idan ku ne na uku kuka ɗauko kocin na farko, kafin tsakiyar kaka asusu ya bushe.

Mataki na uku: wa zai zaɓa, kuma wa zai fitar da sha ɗaya?

Mutum uku sun isa kwamitin zaɓe, in an yi yawa biyar: wanda ya san ƙwallo, wanda ya san kuɗin ƙungiya, da wanda ya san jama'ar gari. Duk wanda ke da ɗan'uwa ko abokin kasuwanci cikin masu nema, ya faɗa tun farko ya fita daga zaman da ya shafe shi. Ba zargi ba ne, tsare mutunci ne.

Sai kuma maganar da muke jin kunyar yi. Wa ke da ikon fitar da 'yan wasa sha ɗaya ranar wasa? Wa ke ɗaukar ɗan wasa, wa ke sallamarsa? A ƙananan ƙungiyoyi da yawa mai ƙungiya yakan turo saƙo ana saura sa'a ɗaya, a sa wane a cire wane. Idan haka kuke aiki, ku faɗa wa mai nema tun kafin ya sa hannu, ya shiga da saninsa. Idan kun ce masa wuƙa da nama suna hannunsa, to ku bar masa su. Paul Scholes, da duk sunan da ya yi a Manchester United, kwana 31 kacal ya yi a Oldham Athletic ta rukuni na huɗu a Ingila a 2019, ya ajiye aiki yana cewa ya gane ba zai iya aiki yadda aka sa shi ya yi tsammani ba. Ni shawarata ita ce a raba abin gida biyu: fili da sha ɗaya na koci ne shi kaɗai, saye da sayarwa kuma sai koci da kwamiti sun yarda tare, kowane ɓangare yana da ikon cewa a'a.

Mataki na huɗu: ku siffanta mutumin kafin ku ga fuskarsa

Aikin koci a ƙaramar gasa ya sha bamban da wanda muke gani a gidan kallo. Babu mai nazarin bidiyo, babu likitoci biyar, sau da yawa babu ko kocin masu tsaron raga. Shi ne malami, shi ne mai neman 'yan wasa a filayen unguwa, shi ne mai lallashin yaron da mahaifiyarsa ke kwance a asibiti alhali ba a biya albashi ba. Dole ya san yadda ake tsara atisaye a zafin bazara, a fito da sanyin safiya a tashi kafin rana ta take. Dole ya san yadda zai yi da yara masu azumi idan gasa ta faɗo cikin Ramadan. Dole ya san abin da tafiya ke yi wa ƙafar ɗan wasa, domin ko da yake ana raba NNL shiyyar Arewa da ta Kudu don rage nisa, daga Sakkwato zuwa Maiduguri ya haura kilomita 1,000. A NLO kuma sau da yawa akan tara ƙungiyoyi a cibiya guda a buga wasanni kusa da kusa, inda wanda ya iya juya 'yan wasa da kula da hutunsu ke cin riba.

Saboda haka ku rubuta abubuwa huɗu ko biyar da ba za ku sassauta a kansu ba. A wurina, na farko shi ne ya taɓa aiki a wannan rukunin ko na kusa da shi. Na biyu, ya iya magana da yaran da harshen da suke ji. Kocin da sai an yi masa tafinta a hutun rabin lokaci ya yi asarar rabin mintunan nan goma sha biyar. Na uku, ya yarda ya zauna a garin, ba ya riƙa zuwa ranar Alhamis yana komawa ranar Litinin ba.

Sai takardar shaida. Lasisin horarwa na CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, yana hawa ne daga D zuwa C, B, A, sannan Pro, kuma a Najeriya akwai masu satifiket na Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, da ke Legas. Ku nemi kundin dokokin gasarku na wannan kakar ku ga matakin da aka gindaya wa mai zama a benci, ku karɓi ainihin takardar a hannu, ku tabbatar da ita ta hukumar ƙwallon jiharku. Lasisi ƙofar shiga ce kawai. Ba ya gaya muku ko mutum ya iya koyarwa.

Mataki na biyar: tara sunaye, da tarkon babban suna

Kada ku tsaya ga waɗanda suka turo takarda. Sau da yawa wanda kuke buƙata yana can yana aiki bai san kuna nema ba. Ku tuna ƙungiyoyin da suka wahalar da ku a kaka biyu da suka wuce alhali ba su kai ku kuɗi ba; wa ke bencinsu? Ku duba kocin makarantar ƙwallo da yaransa ke yawan samun shiga manyan ƙungiyoyi. Ku duba mataimaki a babbar ƙungiya da ya daɗe yana jiran dama. Ku duba cikin gidanku. Daniel Ogunmodede, da ya ci wa Remo Stars kofin gasar Firimiya na farko a tarihinta a 2025, ya yi shekaru yana aiki a cikin ƙungiyar kafin wannan rana, kuma sau biyu a jere yana ƙarewa na biyu ba a kore shi ba.

Mu a tarkon babban suna ne muka faɗi. Wani tsohon ɗan wasa da duk garin ya san sunansa ya nuna sha'awa, sai muka rufe ido. Ba mu tambayi inda ya taɓa horarwa ba, domin ana ganin rashin kunya ne a tambayi irinsa. Aka sanar a rediyo kafin a rubuta komai. Ya zo da 'yan wasa tara nasa, aka sallami yaranmu don a ba su wuri, bayan wasa shida aka saɓa a kan kuɗi, ya tafi, taran suka bi shi. Muka ƙarasa kaka da ƙyar muna cika benci.

Ba mu kaɗai ba ne, kuma abin bai tsaya ga masu ƙaramin ƙarfi ba. A Oktoban 2023 Birmingham City tana ta shida a rukuni na biyu na Ingila ta sallami John Eustace ta kawo Wayne Rooney. Wasa 15 ya ja ragama, ya ci biyu, aka sallame shi a farkon Janairun 2024, kuma ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na uku. Ku sa wannan kusa da labarin Ostersund ta ƙasar Suwidin, wadda a 2011 tana rukuni na huɗu ta damƙa kanta ga Graham Potter, mutumin da a lokacin ƙwallon jami'a yake horarwa. Ya haurar da ita sau uku, ya ci kofin ƙasar a 2017, a Fabrairun 2018 kuma ta doke Arsenal 2-1 a Emirates, filin Arsenal ɗin. Ba ina cewa tsohon tauraro ba zai iya koci ba. Ina cewa a yi masa tambayoyin da za a yi wa kowa.

Ku tace sunayen su dawo biyar, sannan uku.

Mataki na shida: bincike, inda ainihin aikin yake

Takardar da mai nema ya rubuta da hannunsa ba ta ɗauke da laifinsa, kuma mutanen da ya ba ku lambarsu abokansa ne. Ku nemi naku mutanen. A kan kowane ɗaya cikin ukun, ku yi magana da aƙalla mutum biyar daga wuraren da ya yi aiki: ɗan wasan da yake sawa kullum, ɗan wasan da ya ajiye a benci, manajan ƙungiya, mai kula da kaya, da direba. Kada ku raina na ƙarshen nan. Direba ya ga koci bayan an sha kashi a waje da tsakar dare, ya ji abin da yake faɗa a waya, ya san ko yana cin abinci tare da yara ko yana warewa. Wanda aka ajiye a benci kuma, idan ya ce muku, "Wallahi bai sa ni ba, amma bai zalunce ni ba, ya faɗa mini dalili," wannan shaidar ta fi ta mutum goma.

Tambayoyin su zama na abin da ya faru. Maimakon "yaya halinsa?", ku ce: lokacin da albashi ya makara, me ya yi? Ya taɓa barin ƙungiya ana tsakiyar kaka, kuma ya tafi da yara nawa? Wane yaro ne ya zo hannunsa ba kowa ba, ya bar hannunsa ya zama wani abu? Yana zuwa atisaye kafin yara ko bayansu?

Akwai tambaya ɗaya da dole a yi ta ko da da nauyi: yana karɓar kuɗi a hannun 'yan wasa ko iyayensu kafin ya ɗauke su ko ya sa su a wasa? Yana da kaso a wurin wani dillali? Wannan cuta ce da ke kashe ƙaramar ƙungiya a hankali, domin ɗan talakan da ya fi kowa iya ƙwallo shi ne zai koma gida, ɗakin sauya kaya kuma kowa ya san wanda ya saya. Idan mutum biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, ku cire sunan, komai kyan tarihinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Haka nan maganar sayar da wasa. Wanda ya daɗe a ƙananan gasannin ƙasar nan bai manta Yulin 2013 ba, lokacin da a wasannin neman haurawa Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67-0 a rana guda. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa ƙwallo har abada. Duk mai neman aikin da ya fara yi muku raɗa cewa ya san rafali-rafali, ya san yadda ake "gyara hanya", yana gaya muku ne yadda zai kashe kuɗinku da sunanku.

Sakamakon wasanninsa ma a karanta shi da hankali. A gasanninmu cin wasa a gida ba abin mamaki ba ne, saboda haka ku ware wasannin waje ku ƙirga: maki nawa ya kwaso, ƙwallo nawa aka zura masa. Ku duba inda ya tarar da ƙungiya da inda ya bar ta, da kuɗin da aka ba shi in an kwatanta da na abokan hamayya. Wanda ya ƙare na huɗu da yaran unguwa ya fi wanda ya ƙare na biyu da asusun gwamnati. Kuma wanda ya zagaya ƙungiya shida a shekara uku, ku tambayi kowace dalilin rabuwa.

Mataki na bakwai: ganawa a ɗaki, gwaji a fili

Kwana uku kafin ganawa, ku aika wa kowannensu shafin nan ɗaya da kuka rubuta, da bidiyon wasanku biyu, ko da da waya aka ɗauka. Wanda ya zo bai kalla ba ya riga ya ba ku amsa. Ku biya musu kuɗin mota, ku yi wa dukansu tambayoyi iri ɗaya, kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai kafin a tattauna, don kada muryar ciyaman ta rinjayi sauran.

Ga irin tambayoyin da suka fi fito da mutum. "Koci, ka ga yaranmu, su wa za ka gina ƙungiya a kansu, kuma wane gurbi ne ya fi buƙatar sabon mutum?" Wanda ya ce duk a zubar a kawo sababbi ashirin, bai dace da aljihunku ba. "Koci, an ci mu wasa uku a jere, magoya baya sun tare ƙofar fili, me za ka yi ranar Litinin?" "Koci, albashi ya makara wata biyu, kyaftin ya ce yara ba za su fita atisaye ba, ina za ka tsaya?" Amsar da nake so a nan ita ce ta wanda zai zo ya faɗa wa kwamiti gaskiya ido da ido, ya kuma riƙe yaran, ba mai zuga su a ɓoye ba, ba kuma mai yi musu barazana ba. Sannan ku ce ya ba ku labarin wasan da shi da kansa ya yi kuskure a ciki. Idan duk rashin nasararsa laifin rafali ne da shugabanni, gobe ku ne shugabannin.

Ku lura da tambayoyin da shi yake yi muku. Kocin kirki zai tambayi ƙwallaye nawa gare ku, wa ke duba wanda ya ji rauni, yaushe ake tashi in za a je wasan waje. Wanda tambayarsa ta fara ta ƙare a kan kuɗin sa hannu, kun ji inda zuciyarsa take.

Daga ɗaki sai fili. Ku ba kowane awa ɗaya da rabi da yaranku, ku faɗa masa matsala guda da zai gyara, misali yadda ake yawan cin ku da bugun kwana. Ku tsaya nesa ku kalla. Minti nawa yara suka yi suna taɓa ƙwallo, minti nawa suka yi a tsaye suna sauraron jawabi? Ya riƙe sunayensu? Da yaro ya yi kuskure, ya nuna masa gyara ko zagi ya yi? Abin da ya koyar ya bayyana a gajeren wasan da aka buga a ƙarshe? Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bayan an tashi ku tambayi manyan 'yan wasa uku ra'ayinsu, amma ku sanar da su cewa shawara ce, zaɓi na kwamiti ne.

Mataki na takwas: kwantiragi

Kada a sanar da kowa komai sai an sa hannu. Kwantiragin ya kasance a rubuce, lauya ya duba, kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a kuma kai ɗaya inda dokar gasar ta ce a kai. A ciki a fayyace tsawon lokaci da ranar farawa da ta ƙarewa, albashi da ranar biyansa, ta banki, alawus na cin wasa da na canjaras a waje, ladan haurawa, masauki da wanda zai biya, mataimaka nawa zai zo da su da wanda zai ɗauki nauyinsu. Ku bar aƙalla mataimaki ɗaya na gida a bencin, don ilimin ya zauna ko da koci ya tashi. A rubuta cewa ba shi da kaso a cinikin ɗan wasa sai abin da ƙungiya ta ba shi a fili, kuma duk yaron da ya kawo da ƙungiya zai sa hannu, ba da shi ba.

Tsawon da na fi ganin adalcinsa shi ne kaka ɗaya da sharaɗin sabuntawa kai tsaye in an cim ma burin da aka rubuta, ko kaka biyu ga ƙungiya mai raino. Ku yi maganar rabuwa tun ana dariya: in kun sallame shi ba da laifi ba, albashin wata nawa za ku biya, in shi ya samu gaba, sanarwar kwana nawa zai bayar, kuma nawa sabuwar ƙungiyar za ta biya ku. Ku ware kuɗin sallamar a gefe tun yanzu. Idan ba za ku iya ware shi ba, wannan kocin ya fi ƙarfinku.

Ina roƙonku ku guji al'adar nan ta ba koci wa'adin wasa uku a gidan rediyo. Ranar da aka yi haka yara sun san kwanansa ya ƙare, wanda ba ya samun shiga kuma ya san abin da zai yi don a gaggauta. Maimakon haka a sa ranakun bita a cikin kwantiragi, misali bayan wasa shida da kuma tsakiyar kaka, a zauna a ɗaki da alƙaluma a gaba.

Idan kocin ɗan wata ƙasa ne, ko da daga Nijar ko Kamaru ko Ghana ya zo, ku ƙara kula. Tun 2021 FIFA ta sa dokoki na musamman a kan kwantiragin koci da ke aiki a wajen ƙasarsa. Idan ya bi ku albashin wata biyu, ya ba ku wa'adin kwana 15 a rubuce ba ku biya ba, yana da hurumin ya tafi ya kai ƙara, kuma ƙin biyan abin da aka yanke yana iya jawo a hana ku rajistar sababbin 'yan wasa.

Mataki na tara: makonnin farko

'Yan wasa su fara ji daga bakin ciyaman kafin 'yan jarida. Sannan a kira shugabannin magoya baya a zauna da su, a faɗa musu burin kakar kamar yadda aka rubuta shi, ba tare da ƙari ba. Idan tsira kuke nema, kada a yi musu alkawarin haurawa don a ji daɗin taro, domin kocin ne zai biya wannan bashin a ƙofar fili. Albashinsa na farko ya shiga a ranarsa ko da me za a jinkirta. A tsayar da rana ɗaya a mako da zai zauna da mutum ɗaya daga kwamiti, saura kuma su daina kiransa da dare. Ranar wasa ciyaman ya zauna a wurin manyan baƙi, ya bar benci ga masu benci.

Biyun da ba ku ɗauka ba, ciyaman ya kira su da kansa ya yi musu godiya kafin su ji a gari. Za ku iya buƙatarsu da wuri fiye da yadda kuke zato, kuma ba sai abu ya lalace ba. A 2024 Aliyu Zubairu ya dawo da El-Kanemi Warriors gasar Firimiya, ya kuma ci mata Kofin Ƙalubale tana ƙungiyar rukuni na biyu, bayan ta doke Abia Warriors 2-0 a Legas. A cikin shekarar aka ba shi ragamar Flying Eagles, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Saboda haka sakatare ya haɗa shafin nan ɗaya, da makin ganawa, da bayanan da aka samu daga bincike, da lambobin wayar mutum biyun, ya sa a fayil guda ya rubuta kwanan wata a bayansa. Duk ƙarshen kaka a buɗe shi, a ƙara sunan kocin da ya fi ba ku wahala a fili a wannan shekarar.